Gasar harbin ragon ƙarfe daga tsaye: yadda maharba ke shirya mata

A ƙasar Meziko akwai wata gasar harbi da bindiga wadda dabbobin da ake harbi a cikinta duk mai zuwa kasuwa ya san su: kaza, alade, talotalo da rago. Sai dai na ƙarfe ne, an yanko siffarsu an jera a kan sanduna. Kaji suna nisan mita 200, aladu 300, talotalo 385, raguna kuwa mita 500, wato rabin kilomita. Kuma a tsaye ake harbin, ba a kwanciya, ba a durƙuso, ba a jingina bindiga da komi.

A can da, dabbobi masu rai ake ɗaurewa daga nesa, wanda ya harbe shi ke da nama. A shekarar 1948 aka soma amfani da na ƙarfe a birnin Meziko, a 1952 aka yi gasar ƙasa ta farko, daga nan wasan ya ƙetara iyaka zuwa Amurka, inda ƙungiyar NRA ta karɓe shi a 1973. Yau ana yin sa har a Faransa, Ostareliya da Afirka ta Kudu, a filayen harbi masu lasin.

Dokar ba ta da sassauci. Harsashi 40 ake ba maharbi, goma ga kowace dabba. Ana jera su biyar-biyar, yana da minti biyu da rabi ya bi su daga hagu zuwa dama, harbi ɗaya kan kowace. Samun dabba kawai bai isa ba, sai ta faɗi ƙasa. Ragon ya haura kilo 20, shi ya sa sau da yawa za a ji ƙarar harsashi a jikinsa, ya yi rawa ya koma ya tsaya, maki kuma babu. Maharba sun fi kuka da talotalo, domin jikinsa a karkace yake, ga nisa.

To, ina wahalar take? Mai karatu ya yi wannan lissafi. Idan tsawon bututun bindiga santimita 60 ne, bakinta ya goce da milimita ɗaya tak, a nisan mita 500 harsashi zai kauce da fiye da santimita 80, kusan tsawon ragon kenan gaba ɗaya. Alhali babu ɗan Adam da zai ɗaga bindiga mai kilo huɗu da rabi yana tsaye ta zauna cak. Bugun zuciya ma yana motsa ta.

Saboda haka gwanayen ba sa wahalar da kansu wajen hana ta motsi, rage faɗin motsin suke koyo. Maharbi yakan tsaya a kaikaice, ya buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa, ya kafa gwiwar hannun hagu a ƙugu ko a haƙarƙari, domin ƙashi ya ɗauki nauyin. Tsoka gajiya take yi, kuma da ta gaji sai karkarwa. Daga nan ya saki numfashi ya dakata, ya matsa kunama sannu a hankali. Idan ƴan daƙiƙoƙi suka wuce harbi bai fita ba, sai ya sauke bindiga ya sake sabon shiri. A ganina nan ne gwani ke rabuwa da ɗan koyo, don kuwa ɗan koyo ba ya son saukewa, da ya ga saiti ya gifta kan rago sai ya fizgi kunama, fizgar nan kuwa ita ce milimitar da muka lissafa.

Abin da zai burge ɗan kasuwa shi ne yawancin wannan horo ba ya cin kuɗi. Bayan ya tabbatar babu harsashi a bindiga, maharbi yakan manna ɗan ɗigo a bango, ya yi ta aunawa yana danna kunama, yana lura da inda saiti yake a lokacin da ta ɗana. Wannan ɗabi'a ce ke sa in ya je fili ya iya faɗin inda harsashinsa ya nufa tun kafin mai duba masa da madubin hangen nesa ya yi magana. In abin da ya faɗa da abin da aka gani suka saɓa, to ko iska ce, ko saitin bindiga ke son gyara.

Masu son rage tsadar harsashi kuma suna da ƙaramar gasa ta bindiga mai lamba .22, inda aka rage girman dabbobin zuwa kashi ɗaya cikin biyar, kaji a mita 40, raguna a mita 100.