Faifai Mai Huda 60: Dabarar Da Za Ta Iya Ceton Gonar Tattasai A Diffa

Duk wanda ya bi gaɓar kogin Komadugu Yobe a lokacin rani, daga Diffa zuwa Bosso, abin da zai fara ji shi ne ƙarar injinan ban-ruwa. Da su ake shayar da tattasan da ake wa kirari da jan zinarin Manga. Ranar da inji ya tsaya kuwa, hankalin manomi ya tashi, domin 'yan kwanaki kaɗan babu ruwa sun isa su kakkaɓe furen gona.

Manoman yankin sun ga jarrabawa. A shekarar 2015 hukuma ta hana cinikin tattasai saboda rikicin Boko Haram, ba a ɗage dokar ba sai a 2017. Hanyar Maiduguri, inda aka saba sayo kayan gyara, ita ma ta yi wuyar bi. Daga nan ne muka ƙara sanin darajar masu injin sassaƙar ƙarfe, wanda ake kira tur da Faransanci, domin su ne ke iya ƙera abin da ya karye a nan gida.

Aikin da ya fi ba su wahala shi ne yanka zare, wato layin nan mai murɗewa da ke jikin noti ko bakin bututu. Wajibi ne tafiyar wuƙa ta yi daidai da juyin mazarin inji, sandar da ke riƙe ƙarfen tana juya shi. Idan tazarar zare milimita 1.5 ce, duk juyi ɗaya sai wuƙa ta matsa milimita 1.5, ba ƙari ba ragi. Tsofaffin injina da giya suke wannan lissafi. Matsalar ita ce, zaren bututu da yawa da inci ake auna shi: bututu mai inci 2 na ma'aunin Ingila zare 11 ne a kowane inci. Kafin inji mai ma'aunin milimita ya yanka shi daidai sai an sami giya mai haƙora 127, wadda sau da yawa ta ɓace tun kafin injin na hannu ya iso ƙasarmu.

A nan ne kwamfuta ke shigowa. Idan aka ɗaura wa wuƙar ƙananan motocin lantarki, kwamfuta na iya tuƙa ta. Sai dai kwamfuta makauniya ce, sai an gaya mata inda mazari yake a kowane lokaci. Na'urar ƙirga juyi ita ce idonta, kuma mai sana'a zai iya haɗa ta da hannunsa.

Ga yadda abin yake. A yanko faifai daga siririn falle na ƙarfe ko alminiyam, a yi masa huda 60 a gefe, tazararsu ɗaya, wato digiri 6 tsakanin kowace biyu. Wanda ke da giya mai haƙora 60 sai ya yi alama da ita. A ɗaura faifan a bayan mazari. Sannan a nemo idon lantarki, ɗan abin nan mai baki kamar cokali mai yatsa biyu da ake samu cikin matattun firintoci: gefe ɗaya yana fitar da haske, ɗayan yana karɓa. Duk hudar da ta wuce, sai haske ya ratsa, kwamfuta ta ƙirga ɗaya. Amfanin 60 shi ne sauƙin lissafi: idan mazari na juyi 1,000 a minti, saƙo 1,000 ke isa a daƙiƙa.

Ido na biyu, idan aka gusar da shi da rubu'in tazarar huda, zai nuna ko gaba ake juyi ko baya, ya kuma ninka ƙirgar zuwa 240. Ido na uku yana kallon huda guda tilo, sau ɗaya a kowane juyi. Wannan ita ce uwar aikin, domin ba a yanka zare da shiga ɗaya, kuma ita ke sa wuƙa ta koma cikin layin da ta fara.

Manhajar ma kyauta ce. LinuxCNC ta samo asali ne daga aikin hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, a shekarun 1990, kuma tsohuwar kwamfutar tebur tana iya ɗaukarta.

Sai dai muna jan kunnen mai son gwadawa. Ƙurar hunturu da feshin mai suna makantar da idon, don haka a yi masa murfi. Faifan da ke rawa zai ba da ƙirgar ƙarya. Wayar saƙo kuma a nisanta ta daga wayar babban moto. A fara gwaji da roba ko katako kafin a taɓa ƙarfen mutane.

Abin da ya rage shi ne a haɗa masu ilimin biyu. Mai tur ya san ƙarfe, ɗalibi ya san kwamfuta. Muna kira ga Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, da makarantun koyon sana'a na jihar, da su zaunar da su a rumfa ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manomin da ke jiran injinsa a bakin kogi shi zai fara cin moriyar wannan haɗin gwiwa.