Hoton Fuskar Kwamfuta: Kwafin Da Ma'aikaci Da Ɗalibi Za Su Riƙe A Hannu

A zamanin da keken rubutu yake mulkin ofisoshin gwamnati, babu akawun da ya san aikinsa da zai buga wasiƙa falle ɗaya tak. Sai ya ɗauki farar takarda, ya shimfiɗa takardar kabon a bayanta, ya ƙara wata farar, sa'an nan ya cusa su cikin keke gaba ɗaya. Ta sama ita ce za ta tafi, ta ƙasa kuwa ta shiga fayil. Ran da wani ya ce ba a aiko masa da kome ba, sai a tashi masinja ya ɗauko fayil, magana ta ƙare. To, yau da yawan aikin ya koma kan intanet, wannan kyakkyawar al'ada tana neman ɓacewa. Ma'aikaci zai cika takardar neman ƙarin girma, ɗalibi zai biya kuɗin rajista, kwamfuta ta nuna masa cewa an karɓa, kafin ya ankara sabis ya yanke ko batir ya ƙare, shafin ya tafi, ba a bar masa kome a hannu ba.

Kwanan baya wani ƙanena da ke karatu a wata babbar makaranta ya ɗanɗani wannan. Ya biya kuɗin zango ta kwamfutarsa, shafin ya fito da wata doguwar lamba tare da albishir cewa kuɗi sun shiga, shi kuwa don murna sai ya rufe kwamfuta ya tafi cin abinci. Da ya je karɓar rasit aka duba ba a ga sunansa ba, aka ce ya kawo lambar nan. Ina zai same ta? Mako uku ya yi yana kai da kawowa tsakanin banki da ofishin kuɗi, kafin a gano kuɗin har ranar rufe rajista ta wuce, aka ci shi tarar latti. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, maganin wannan wahala duka yana nan ƙarƙashin yatsunsa a lokacin, danna maɓalli biyu ne kurum, amma ba wanda ya taɓa nuna masa.

Abin da muke magana a kansa shi ne ɗaukar hoton fuskar kwamfuta, watau abin da samari ke kira sikirinshot. Kwamfutar ce da kanta take kwafe duk abin da ke bisa fuskarta a wannan daƙiƙa, harafi da harafi, ta mai da shi hoto wanda za a iya ajiyewa, ko aikawa, ko bugawa a takarda. Wani zai ce ai wayarsa ma ta isa, sai ya ɗaga ta ya ɗauki hoton kwamfutar. Gaskiya ne, kuma idan kwamfutar ta daskare ta ƙi motsi, wannan ita kaɗai ce dabarar da ta rage. Amma duk wanda aka taɓa aiko wa irin wannan hoto ya san halinsa: hasken taga ya kwanta a kan rubutun, wasu layuka suna rawa, lamba 8 ta yi kama da 3, ga inuwar mai ɗauka a tsakiya.

Idan mai karatu ya dubi jerin maɓallan kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, can sama ta hannun dama, galibi zai ga wani da aka rubuta wa PrtSc ko PrtScn. Gajarcewar Print Screen ce, ma'anarta kuwa a buga abin da ke fuska. Sunan yana da tarihi. Lokacin da kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutarsa ta ofis a watan Agusta na 1981, fuskarta rubutu take nunawa, layi 25, kowane layi harafi 80. In mutum ya haɗa wannan maɓalli da Shift, sai kwamfuta ta tura rubutun nan kai tsaye zuwa firinta, ya fito a takarda nan take. Da manhajar Windows ta zo da hotuna da launuka, sai aka canja wa maɓallin aiki, aka bar masa sunansa na da. Wannan ne ya sa mutane da yawa suke danna shi, su ji shiru, su zaci ya lalace.

Lafiyarsa lau. A kan Windows 10, da waɗanda suka gabace ta, in an danna PrtSc shi kaɗai, kwamfuta tana ɗaukar hoton fuskar duka ta riƙe shi a wata ma'ajiya ta wucin gadi, ba tare da ta ce uffan ba. Sai mutum ya buɗe Word ko Paint ko wasiƙar imel, ya danna Ctrl tare da V, sa'an nan hoton zai bayyana. Haɗarin da ke nan shi ne, ma'ajiyar abu ɗaya take riƙewa. Da zarar an kwafi wani abu dabam, ko da kalma ɗaya ce, hoton ya tafi; haka kuma in kwamfuta ta mutu. Akwai gyara ga mai so: danna maɓallin Windows tare da V yana buɗe tarihin ma'ajiyar, wanda in an kunna shi zai riƙe abubuwa har 25 na baya, amma shi ma yana sharewa in an sake tayar da kwamfuta, sai wanda aka maƙale da gangan.

Saboda haka, in da za a ce in zaɓar wa ma'aikaci hanya guda ɗaya ya haddace, to, ita ce haɗa maɓallin Windows da PrtSc. Maɓallin Windows shi ne mai tambarin ƙananan murabba'ai huɗu, a layin ƙasa ta hannun hagu, kusa da Alt. A danne shi, a riƙe, kana a taɓa PrtSc sau ɗaya. Fuskar za ta ɗan dushe kamar ƙiftawar ido, alama ke nan an ɗauka. Hoton ya riga ya zama fayil, yana zaune cikin jakar Screenshots da ke cikin jakar Pictures, ko wuta ta ɗauke a daƙiƙar da ta biyo baya yana nan. Tun 2012, da fitowar Windows 8, wannan hanya take aiki. Da ƙanena ya san ta, da bai biya tara ba.

Amma kwamfutar tafi-da-gidanka tana da nata tarko. Da yake wuri ya yi mata kaɗan, masu ƙera ta sukan ɗora wa maɓalli ɗaya aiki biyu, su rubuta na biyun da ƙananan haruffa ko da wani launi. Inda PrtSc ya zama shi ne aiki na biyu, ba zai amsa ba sai an haɗa da maɓallin Fn, wanda ke can ƙasa ta hagu kusa da Ctrl. Ke nan maɓalli uku za a danna: Fn, da Windows, da PrtSc. Kuma ba kowane kamfani ke ajiye shi a sama ba. A kan kwamfutocin ThinkPad na Lenovo da yawa, a layin ƙasa yake, tsakanin Alt da Ctrl na hannun dama. Waɗansu ƙananan kwamfutoci ma ba su da shi sam, ga irinsu kamfanin Microsoft ya ce a haɗa Fn da Windows da dogon maɓallin nan na ba da tazara. Tun da yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗalibanmu na hannu ne, kowace da inda ta fito, har akan tarar da mai rubutun Jamusanci inda aka sa Druck a madadin PrtSc, lalle ne kowa ya zauna ya gwada tasa tun kafin ranar bukata.

Ba kullum ake son fuskar duka ba. Alt tare da PrtSc yana ɗaukar tagar da ake aiki a cikinta kaɗai, ya bar sauran. Wanda ya fi shi daɗin aiki kuwa shi ne haɗa Windows da Shift da harafin S. Fuskar za ta yi duhu-duhu, wani ɗan jerin zaɓi ya fito daga sama, sai mutum ya ja linzami ya kewaye daidai wurin da yake so, kamar mai yankan labari daga jarida da almakashi. Ɗalibin da ke tara jadawali ko taswira don aikinsa na bincike, wannan ce hanyarsa. Tun 2023 Microsoft ya mai da PrtSc na Windows 11 ya riƙa buɗe wannan almakashi kai tsaye, don haka wanda ya saba da tsohon hali kada ya firgita. Manhajar da ke wannan aiki sunanta Snipping Tool, kuma in an buɗe ta ana iya sa ta jira daƙiƙa 3 ko 5 ko 10 kafin ta ɗauka, domin kama irin saƙon nan da ke ɓacewa da an taɓa wani abu.

Masu kwamfutar Apple ba su da PrtSc. Nasu shi ne Shift da Command da lamba 3 don fuskar duka, da lamba 4 don yankan wani sashe, da lamba 5, wadda aka ƙara a 2018, don fito da dukan zaɓin har da ɗaukar bidiyo. Hoton yakan sauka bisa fuskar farko ta kwamfutar. A kan Chromebook kuwa, Ctrl ake haɗawa da wani maɓalli na layin sama mai zanen murabba'i da layuka biyu a gefensa.

To, sanin maɓalli rabin aiki ne. Hoton da zai yi amfani ranar gardama shi ne wanda ya ƙunshi lambar biya ko ta rajista, da sunan mai biya, da adadin kuɗi, da adireshin shafin da ke sama, da agogo da kwanan wata da ke kusurwar ƙasa ta dama. Don haka a sha'anin kuɗi da rajista ban ba da shawarar yanka ba, gara a ɗauki fuskar duka. Sa'an nan a sake wa fayil ɗin suna nan take, a rubuta abin da ya ƙunsa da ranarsa. Na ga jakar wani jami'i mai hotuna fiye da ɗari uku, duka da sunan da kwamfuta ta raɗa musu, ya kwashe rabin sa'a yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya, mai jiransa na tsaye.

Wajibi ne kuma a faɗi iyakar abin. Hoton fuskar kwamfuta tunatarwa ce mai ƙarfi da ke sauƙaƙa wa ma'aikacin banki ko na ofishin kuɗi bin sawu, amma bai kai matsayin rasit ba. Duk yaron da ya ɗan ƙware yana iya sauya rubutun shafin intanet a kan kwamfutarsa, ya mai da naira dubu biyar ta zama dubu hamsin, ya ɗauki hoto, ba wanda zai gane da ido. Agogon kwamfuta ma mai ita ne ke saita shi. Jami'in da ya saki kaya ko ya sa hannu a takarda don kawai an nuna masa hoton biya, ba tare da ya duba asusu ba, ya saka wuyansa cikin igiya. Kotu ma ba ta karɓar irin wannan shaida haka kawai. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa ga duk takardar da kwamfuta ta fitar, har da takardar shaida mai bayyana na'urar da yadda aka samar da abin. A shari'ar Kubor da Dickson, kan zaɓen gwamnan Jihar Bayelsa na 2012, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da takardun da aka bugo daga intanet domin ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba.

Ga ma'aikacin gwamnati akwai wani gefe da ya fi wannan nauyi. A da, mai son fitar da takardar sirri sai ya saci jiki da fayil ko ya nemi injin kwafi, wani ya gan shi. Yau maɓalli biyu ne, sai WhatsApp. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan daram, rantsuwar riƙe sirri da ma'aikaci ya yi ba ta ware hoto ba, ga kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 da ta zo ta ƙara. Sau da yawa ma ba da mugun nufi ake yi ba. Mutum zai ɗauki hoton wani saƙon kuskure don ya nuna wa mai gyara, bai lura ba a bayan saƙon akwai jerin albashin ma'aikata, da sunayensu da lambobin asusunsu. A nan ne yankan sashe yake da amfani, kuma a nan ne ya kamata a dubi kowace kusurwar hoto kafin a tura. A lura kuma, a kan wasu kwamfutocin an saita OneDrive ta riƙa kwashe hotunan zuwa ma'ajiyar intanet, wanda ke nufin hoton da aka ɗauka a kwamfutar ofis yana iya bayyana a wayar gida.

Ko yankan ma ya taɓa ba da kunya. A watan Maris na 2023 masu bincike suka gano cewa hoton da aka datse da almakashin Windows bayan an ɗauka, aka sake ajiye shi bisa fayil ɗinsa na farko, yana iya riƙe ragowar sashen da aka yanke a ɓoye, har mai wayo ya maido da shi. Irin wannan aibi aka fara ganowa a wayoyin Pixel na Google. Microsoft ya fitar da gyara cikin watan, amma gyaran bai shafi hotunan da aka riga aka aika ba, kuma kwamfutar da ba a sabunta manhajarta ba tana nan da aibinta. Wannan ya shafi ofisoshinmu ƙwarai, musamman da yake tallafin da Microsoft ke bai wa Windows 10 kyauta ya ƙare ran 14 ga Oktoba, 2025, alhali tsofaffin kwamfutoci da yawa a kanta suke. Hanyar da ta fi aminci ita ce a rufe duk tagar da ba a so a gani tun kafin a ɗauka, sa'an nan a kewaye wurin da ake bukata kaɗai da Windows da Shift da S, domin abin da bai shiga hoton ba tun farko babu mai iya tono shi.