Jar fitilar baƙin mai a tsohuwar fijo: a auna kafin a sauke inji

A nan Bosso, kan hanyar da ta fita daga Minna zuwa Zungeru, har yanzu ana ganin fijo 504 da lodin doya ko buhunan masara. Ku ma 'yan uwa da ke Agege da Sabo ta Ibadan da Fatakwal, na san akwai masu ajiye da irinta, wasu ma gado suka ci. Faransa ta fitar da ita a 1968, kamfanin PAN na Kaduna kuma, wanda ya fara aiki a 1975, ya yi shekaru yana harhaɗa ta. Injinta ya tsufa, kuma tsohon inji ya fi yawan kuka ta wajen jar fitilar baƙin mai.

Abu biyu nake gani ana yi wa fitilar nan, duka ba na goyon baya. Wani makanike zai zare wayar ya ce ai ta cika ƙarya. Wani kuma ko bonet bai buɗe ba zai ce sai an sauke inji. Na farkon zai jawo maka inji ya buga tsakanin Jebba da Mokwa, na biyun zai cinye maka kuɗin da wataƙila ɗan suwic kawai zai saya.

Fitilar ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin turinsa take aunawa. Famfo yana zuƙo mai daga gindin inji ya tura shi ta ƙananan hanyoyi zuwa tsakanin karanshaf da metal. Matsin wurin shi ke riƙe ƙarfin. Idan metal ya cinye, ratar ta buɗe, mai sai ya riƙa zurarewa kamar ruwa a tiyo mai huji. Ga shi mai yana tsinkewa idan ya ɗau zafi. Shi ya sa mota za ta tashi lafiya lau da asuba, amma da ta shiga cunkoson Legas ta tsaya a silo, sai fitila ta fara ƙyaftawa, ka taɓa totur ta mutu.

Idan ta kama kana tafiya, ka gangara gefe ka kashe inji nan take. Bayan 'yan mintuna ka zaro sandar awo a wuri mai daidai. Mai ya yi ƙasa? Alamarsa ita ce fitilar tana kamawa a kwana ko in ka taka birki. Kar ka tsaya a duba yawa kawai, ka shinshina. Warin fetur yana nuna kafireta na ambaliya ko robar famfon fetur ta yage, fetur na gangarawa yana tsinka mai. In ya koma kalar shayi da madara, ruwa ne ya shiga, sai a nemi gasket.

Sai waya da suwic, kuma wannan gwajin kyauta ne. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka zare wayar daga kan suwic ɗin. Ya kamata fitilar ta mutu. In ta ci gaba da ci, wayar ce ta goge tana taɓa ƙarfe a wani wuri, ba ruwan inji.

Amma abin da ke raba gardama shi ne agogon awo. A kwance suwic, a ɗaura agogon a gurbinsa, a bar inji ya yi zafi sosai, domin awon inji mai sanyi yaudara ce. Tsohuwar ƙa'idar makanikai ita ce kusan psi 10 a kan kowane juyi 1,000 a minti. In agogo ya nuna lafiya, suwic ne ya gaji, canja shi ka kama hanya. Ni dai makaniken da ba shi da wannan agogo, kuma bai yarda ya aro ba, ba na barinsa ya taɓa gindin injina.

In awo ya yi ƙasa, har yanzu da sauran mataki. A canja mai da filta, a zuba 20W-50 mai kyau daga galan a rufe, ba na kwalbar bakin titi ba. Bai gyaru ba? A kwance kaskon gindin inji a duba rariyar famfo, don dattin shekaru yakan toshe ta, a kuma duba ɗan bawul ɗin da ke rage ƙarfi, ko ya maƙale a buɗe. Sai waɗannan sun fita sannan a yi maganar metal da karanshaf, musamman in ana jin ƙwanƙwasa daga ƙasa ko ana ganin ƙyallin ƙarfe a tsohon man.

Masu zuba maganin ƙara kauri don fitila ta yi shiru, ɓoye ciwon kawai suke yi, ratar metal tana nan. Dillalai sun san wannan dabara, don haka mai sayen tsohuwar fijo ya zagaya da ita rabin awa, ya tsaya a silo, sannan ya kalli fitilar. Ya kuma tabbatar tana kamawa in an murɗa makulli kafin a tayar, don wasu ƙwan suke cirewa.