Gigin Tsufa: Gado Ne Ko Sammu?

Idan dattijo ya fara manta wanda yake bi bashi, ko ya maimaita tambaya sau biyar kafin azahar, mutanenmu kan ce gigin tsufa ne. In kuwa shekarunsa ba su kai ba, sai a ce sammu aka yi masa a kasuwa. Likitoci sun ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma nau'insa da ya fi yawa shi ne cutar Alzaima, wadda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906. To, ana gadonta kuwa?

Amsar ta fi fitowa fili a ƙasar Kolombiya. A yankin Antiyokiya akwai wata zuriya mai mutum kusan 6,000 da mantuwa ke kama 'ya'yanta tun suna da ƙarfinsu: alamu kan soma wajen shekara 44, ciwon ya kankama wajen 49. Dakta Francisco Lopera, wanda ya rasu a 2024, ya shafe kusan shekara 40 yana bibiyarsu. An gano cewa tangarɗa ce guda a ƙwayar gado mai suna PSEN1, kuma duk ɗan da uwa ko uba ke ɗauke da ita, yiwuwar ya gada rabi da rabi ce.

Ga yadda ɓarnar take. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da jiki ke yankawa gunduwa-gunduwa ya zubar, kuma PSEN1 na cikin masu sarrafa almakashin. In ta samu tangarɗa, sai almakashin ya riƙa fitar da guntaye masu danƙo, waɗanda ake kira amiloyid. Su taru tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, daga baya wani sinadarin, tawu, ya cukurkuɗe a cikinsu har su mutu. Wannan taruwa kan fara wajen shekara 20 kafin iyali su lura da komai. Sashen da ke adana sabon abu shi ke fara lalacewa. Shi ya sa Alhaji zai faɗa maka farashin huhun goro na zamanin samartakarsa, amma ya manta ya karya kumallo.

Sai dai kada hankali ya tashi. Irin wannan gado mai ƙarfi bai kai kashi 1 cikin 100 na masu cutar ba. Ga sauran jama'a akwai wata ƙwayar, APOE4, wadda ke ƙara haɗari kawai, ba ta yanke hukunci. Binciken da aka fara a 1992 ya kwatanta tsofaffin Yarbawa na Ibadan da baƙaƙen fatar Indiyanafolis a Amurka: a Ibadan masu kamuwa ba su kai rabin na can ba, kuma tasirin APOE4 ya fi rauni. Ke nan ba gado kaɗai ke aiki ba. Hawan jini, ciwon suga, taba da rashin motsa jiki duk suna cutar da ƙwaƙwalwa, kuma waɗannan ana iya maganinsu.

Don haka, 'yan'uwa fatake, a riƙa auna jini ko ana kan hanya. In mutum biyu ko uku a gida ɗaya sun rikice kafin shekara 60, a gaya wa likita. Da zarar an ga alama, a zauna da dattijo tun yana cikin hayyacinsa, a rubuta bashi, ajiya da wasiyya a gaban shaidu, don dukiyar mutane kada ta salwanta, zumunci ya ɓaci. Kuma in Hajiya ta ce an sace mata kuɗi alhali ita ta ɓoye ta manta, kada a zargi kishiya ko yaron shago, kada kuma a yi mata tsawa. Ciwo ne ke magana. Allah Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.