Yaron da ba ya magana ma yana iya koyon wanke hannu da ƙirga dala

A Garhanga, cikin gundumar Keita ta jihar Tawa, da rani ya shigo maza da yawa sukan tafi cin rani Nijeriya, Libiya ko Abijan, su bar mata da gida da kasuwa da yara. Nauyin ya fi tsanani ga uwar da Allah ya ba ɗa mai lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga: yaron da ba ya kallon ido, ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, yana jinkirin magana, hayaniya tana firgita shi.

A ƙauyukanmu na Adar, daga Keita zuwa Buza da Madawa, sau da yawa akan ce iskoki ne ko sammu, har a kai ga ɗaure yaro ko kulle shi a ɗaka ranar kasuwa. Alhali likitoci sun san lalurar tun 1943, lokacin da Leo Kanner ya bayyana ta a Amurka. Aba ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke girma, ba laifin uwa ba ne, kuma bincike ya tabbatar allurar rigakafi ba ta jawo ta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 2 ga Afrilu tun 2007, Nijar kuma ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin naƙasassu a 2008.

Babu maganin da ke warkar da ita, amma koyarwa tana sauya rayuwar yaron. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara shirin horas da iyaye, domin gida ne makarantar farko.

Dabarar ita ce a gutsuttsura aiki ƙanana-ƙanana. Wanke hannu, misali: ɗaukar buta, jiƙa hannu, goga sabulu, ɗauraye, ajiye buta. Uwa ta yi masa duka, ta bar masa na ƙarshe kawai. Idan ya iya, ta yaba masa nan take, sannan ta bar masa biyu na ƙarshe. Haka za a bi da sa riga, zuwa bayan gida da dama fura. Umarni ya zama gajere, da kalmomi iri ɗaya kullum, a lokaci ɗaya, domin waɗannan yara suna samun natsuwa da abin da suka saba. Wanda ba ya magana a koya masa nuna kofi idan yana jin ƙishirwa. Hakan na rage kuka da fushi.

Kasuwa ma aji ce, sai dai a fara kai shi da sassafe kafin ta cika. Da yawansu suna son jera kaya, don haka ware albasa manya da ƙanana, kasa tumatir, ko bambanta dala biyar da dala goma aiki ne da zai iya zama sana'a. Ƴa mace kuwa a koya mata tsabtar al'ada tun kafin ta balaga, da ƙin bin wanda ba ta sani ba.

Mu ƴan kasuwa muna da namu rabon. Mu daina kiransa mahaukaci, mu hana yara jifarsa, mu yi haƙuri ya gama ƙirga canjinsa. Wanda ke da farfaɗiya a kai shi likita, don ita tana da magani. Iyaye ba za su dawwama ba, abin da yaro ya koya da hannunsa shi zai rage masa. Allah ya ba iyayen ladan haƙuri.