Amanar Kiwon Kifin Ado da Hukuncin Sakinsa a Kogi

Malamai sun halatta ajiye dabba don sha'awa matuƙar an ba ta haƙƙinta, suna kafa hujja da hadisin Anas game da tsuntsun ƙanensa Abu Umair. Kifin ado da ake kiwo a akwatin gilashi ya shiga wannan hukunci. Sai dai amanar ba ta sauka ranar da mai shi ya gaji da shi.

Wasu kan sake shi a kogi ko teku, suna zaton jinƙai ne. Kifin zaki mai ƙayoyin dafi, ɗan asalin tekunan Indiya da Fasifik, an fara ganinsa a gaɓar Fulorida ta Amurka a 1985, masana kuma sun rinjayar da cewa masu kiwo ne suka sake shi. Da bai tarar da mai farautarsa ba, sai ya hayayyafa har yankin Karibiyan, yana cinye ƙananan kifayen wurin.

A ƙa'idar fiƙihu, ba a gusar da cuta da wata cuta. Saboda haka wanda ya gaza riƙo ya mayar wa mai sayarwa, ko ya kyautar ga wani mai kiwo. Ciyayin akwatin kuma a busar da su kafin a zubar. Allah ne Mafi sani.