Gyaran Mariƙin Ƙofa na Tagulla

Tagulla gamin jan ƙarfe ce da tutiya. Maƙera kan shafe mariƙin ƙofa da man ƙyalli don kada iska ta dusashe shi. In man ya tsufa sai ya tsage, laimar damina ta shiga, mariƙin ya yi dabbare-dabbare.

Hakiman Shagari da Boɗinga su sa malamansu su gwada da maganaɗisu tukuna. In ya kama, baƙin ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla, kankarewa ɓarna ce. In bai kama ba, a kwance shi, a tafasa cikin ruwan kanwa har man ya saɓule. Sa'an nan a goge da tsamiya da gishiri, a ɗauraye, a tsane da ƙyalle. Kada a sa yashi, gama karce tagulla yake yi.